Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Kasuwannin Hatsi a Kan Kwanon Awo

Zuwa ga sarakunan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi, da dillalai, da 'yan'uwana ma'auna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izininku, ranku ya daɗe, in faɗi a bainar jama'a maganar da muka saba yi cikin raɗa a bayan rumfa. Ni ma'auni ne ɗan ma'auni, na shafe fiye da shekara 30 ina zaune gaban tarin gero da dawa da masara da wake, kuma da wannan sana'a na yi aure, na gina gida, na sauke farali. Saboda haka wanda yake rubuto muku wannan takarda ɗan gida ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hausawa sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani, don haka zan fara da nawa tudun kafin in ɗaga ido in dubi na kowa.

Shekara uku da suka wuce, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla, mahaifiyata ta sa aka share ɗakin marigayi mahaifina, sai aka ci karo da tsohon kwanon awonsa a ƙarƙashin gado, fentinsa ya goge, bakinsa ya yi santsi saboda yawan shafar hannu. Na ɗauke shi na kai rumfa don tunawa da shi kawai. Da yamma, bayan kasuwa ta fara watsewa, na cika nawa kwanon da gero yadda nake auna wa mutane, na juye a cikin nasa, sai na ga bai cika ba, saura abin da ya kai cikin tafin hannu guda da ɗan ƙari. Na sake aunawa har sau uku kamar mai neman a ce kuskure ne, alhali kuwa na san babu wani kuskure, domin ni da ƙafata na kai kwanon nan wurin maƙeri wata shekara da hatsi ya yi tsada, na ce masa ya ɗan taɓa mini gindinsa. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, a ɗan taɓa. Akwai kuma wani kwanon na biyu, mai faɗin ciki, wanda ba na fito da shi sai ranar da mutanen ƙauye suka kawo kaya zan saya a hannunsu.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ba raguwar geron ba ce, domin na daɗe da saninta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a ce wani ya tare ni a kowace rana cikin waɗannan shekaru ya tambaye ni abin da na fi riƙo da shi a rayuwa, da zan amsa masa da cewa amana da gaskiya da tausayin talaka, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa. Ina cikin masu sahun gaba a masallacin kasuwa, ina hukunta 'ya'yana in sun yi ƙarya, ina cikin masu tsine wa shugabannin da suke wawure dukiyar jama'a idan an zauna hira bayan la'asar. Bakina yana faɗar abu guda, hannuna yana yin wani, sun zauna a jiki ɗaya shekara da shekaru ba su taɓa yin gardama ba, saboda ban taɓa zaunar da su wuri ɗaya na tambaye su ba. Na raɗa wa abin suna dabarar kasuwa, sunan kuwa ya ishe ni rufin asiri a wurin kaina.

Daga baya na yi lissafi. Buhun da muka taso muka sani kwano 40 ne, in kuwa mutum yana sayar da buhu biyu a yini, to, tafin hannu 80 ke nan yake rage wa bayin Allah kullum, sai a ninka a shekara, a sake ninkawa a shekara goma. Su wane ne masu wannan hatsi? Mai sari da buhu ba ya shiga wannan tarko, domin yana da nasa kwanon kuma ya san kan abin. Waɗanda abin yake faɗa wa su ne matar da take aiko yarinya da kuɗin rabin kwano a ƙulle a gefen mayafi, da mai koko, da mai fura, da magidancin da ya yi yinin dako ya biyo da abin da ya samu. Har da wanda ya zo sayen hatsin zakkar fidda kai, wanda in bai sake aunawa da mudun Annabi a gida ba, ibadarsa ma na taɓa.

Ranku ya daɗe, babu ɗaya daga cikinmu da bai san surar Muɗaffifina ba, sura ta 83 a Alƙur'ani mai girma, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye awo, waɗanda in za su auna daga mutane sai su cika, in kuwa za su auna musu sai su rage. Yaranmu suna haddace ta tun suna izu na biyu a makarantar allo. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, mutanenta suna cikin mafi munin mutane wajen awo, da surar ta sauka sai suka gyara. Amma ayar da ta fi kama ni a wuya tana cikin surar Hudu, inda Annabi Shu'aibu ya kira mutanen Madyana su cika mudu da sikeli, su kuwa suka mayar masa da tambaya cikin izgili, wai shin sallarsa ce take umartarsa su bar abin da iyayensu suke bauta wa, ko su daina yin abin da suka ga dama da dukiyarsu. Mutanen Madyana sun yi mamakin yadda salla za ta sa baki a harkar kasuwa. Mu ba mu taɓa furta wannan magana ba, Allah ya tsare mu, amma duk wanda ya sallame salla ya koma rumfa ya ɗauki bugaggen kwano, to, a aikace ya ba da amsar da suka bayar, cewa masallaci daban, kasuwa daban.

Ba haka aka san kasuwar ƙasar Hausa ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ba don ƙarfin ganuwa fatake suka riƙa keto Sahara suna zuwa ba. Baturen nan Kilafaton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta abin da ya gani na tsarin kasuwar, har ya ce in mutum ya sayi riga ko turkuɗi ya tafi da shi Barno ko wata ƙasa mai nisa bai kwance ba, can ya tarar kayan ba su kai yadda aka ce ba, sai a dawo da su, domin ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Ku dubi wannan, don Allah. Mutum yana sa sunansa a cikin kayan da za su yi tafiyar wata guda a bayan raƙumi, saboda ya san ba abin da zai kunyata shi in an buɗe. Yau mu nawa ne za su yarda a rubuta sunansu a jikin buhun da suka ɗinke, a Dawanau ko Ɗandume ko Giwa ko Maigatari, a bi shi har Maraɗi ko Legas a farke shi a gaban shaidu?

Na kawo zancen buhu ne saboda tauye kwano ƙaramin ɓangare ne na abin da yake damunmu. Mun san yadda ake yi wa buhu fuska, a sa tsabar hatsi a baki da gindi, a cusa mai ƙaiƙayi da tsakuwa a tsakiya. Mun san wanda yake yayyafa wa masara ruwa don ta yi nauyi, da wanda yake gauraya tsohuwar dawa da sabuwa ya rantse cewa ta bana ce. Duk wannan algus ne, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kansa kamar a kasuwarmu aka yi shi: Manzon Allah ya wuce wani tarin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Bai ce a zubar da jiƙaƙƙen abinci ba, bai kuma hana sayar da shi ba, abin da ya nema kawai a bar mai saye ya gani da idonsa.

Mafi muni a ganina shi ne maganin da ake zuba wa wake. Kowa ya san ƙwaro ba ya raga wa wake, kuma mutumin da ya zuba jarinsa duka a sito yana da dalilin tsoron asara. Amma fiya-fiya da danginta guba ce da aka yi don kashe ƙwari, mu kuwa muna yayyafa ta a kan abin da za a dafa wa yara, wani ma ba ya jira warin ya fita kafin ya fito da kayan kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Su sun iya gwadawa, suka rufe ƙofarsu. Matar da take dafa wake da shinkafa a lungunmu ba ta da abin gwaji sai hancinta da kuma yardar da ta yi mana. Ga shi kuwa akwai mafita, domin buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda iska ba ta shigarsa, yana kashe ƙwaron ba tare da ɗigon magani ba, kuma ya daɗe da shigowa kasuwanninmu. Tambayar da nake so kowannenmu ya yi wa kansa ita ce, daga wane buhu yake ɗibar waken da ake kai wa gidansa. In akwai buhun gida daban da buhun kasuwa, to, mutum ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ba ya bukatar wani malami ya yi masa fatawa.

Game da ɓoye abinci kuwa, ba na cikin masu yi wa kowane mai sito kuɗin goro. Sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara sana'a ce tun kaka da kakanni, kuma ba don masu ajiya ba da damina ta riski garuruwa babu ko ƙwaya. Sai dai akwai iyaka tsakanin mai ajiya da wanda yake kallon mutane suna layin neman abinci, ya ƙara wa sitonsa kwaɗo yana jiran farashi ya sake hawa, kuma a kan irin wannan ne hadisin Muslim ya ce babu mai ɓoye abinci sai mai laifi. A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai mutane bango, hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, aka yi ta muhawara a rediyo, wasu suna yabo, 'yan kasuwa suna cewa an yi musu mummunar fahimta. Abin da na ɗauka daga wannan dambarwa shi ne, hukuma tana iya ƙirga buhunan da suke cikin sito, amma niyyar da ta sa aka ajiye su mai kayan ne kaɗai ya san ta, shi da Ubangijinsa.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na sha faɗa. Za a ce tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, darajar naira ta faɗi, ga shingaye a hanya kowanne da abin da ake ajiyewa, ga manoma da yawa rashin tsaro ya raba su da gonakinsu. Duk gaskiya ne. Za a kuma ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, saboda mai saye da kansa yana bin rumfar da aka ce kwano ya fi araha ba tare da ya dubi girman kwanon ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma tsadar da ta same mu wurinta farashi, inda mai saye zai ji da kunnensa, ya taya, a ce albarka ko a sallama. Idan muka ɓoye ta a gindin kwano, mun karɓi kuɗin abin da ba mu bayar ba, kuma mun hana mutum sanin halin da yake ciki. Mu da kalmar albarka ba ta barin bakinmu a ciniki, ya kamata mu tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in kuwa sun ɓoye sun yi ƙarya za a shafe albarkarsa.

Ba zan ɓoye muku abin da gyara ya jawo mini ba, don kada a ɗauka tatsuniya nake yi wadda mai gaskiya yake wayar gari da arziki. Na je wurin wani malami na faɗa masa komai, ya ce in daina nan take, in mayar wa wanda na sani haƙƙinsa, waɗanda ban sani ba kuwa in ƙiyasta in yi sadaka da niyyar ladan ya je gare su. Na koma awo da kwanon mahaifina, dole kuma na ɗan ƙara kuɗi a kan na maƙwabtana don kada in ci uwar kuɗi. Watanni na farko na ga tasku. Mutum zai tambayi farashi, ya ji, ya wuce rumfar gaba, ina kallo a auna masa da kwanon da na san sirrinsa, ba ni da bakin magana saboda jiya-jiya tare muke yi. Wasu abokan sana'a suka sa mini suna Ustazu, wani dattijo ma ya ja ni gefe ya ce ina ɓata musu kasuwa. Masu koko da masu fura ne suka fara dawowa, domin su suna auna abin da suka saya da yawan ludayin da ya fitar, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Har yau ribata ba ta koma yadda take a da ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa na rubuto muku ku shugabanni, maimakon in tsaya ga yi wa 'yan'uwana nasiha. Mutum ɗaya yana iya gyara kwanonsa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba daidai ba ne kasuwa ta zama wurin da mai son ya rayu bisa abin da ya yi imani da shi sai ya zaɓi tsakanin addininsa da tuwon 'ya'yansa. Na san ma'auna da yawa, musamman matasa, waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da abin da suke yi ba, tsoron karyewa ne kawai yake riƙe da su. A littattafan fiƙihu duba ma'auni yana cikin manyan ayyukan muhtasibi, wato jami'in hisba mai sa ido a kan kasuwa, a dokar ƙasa ma akwai sashen kula da awo da sikeli a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, amma ku kun fi kowa kusa, kun san kowace rumfa da mai ita da wanda ya haife shi.

Roƙona shi ne kowace kasuwa ta tsayar da kwano ɗaya, a buga masa hatimin ƙungiya, a ajiye na gwaji a ofishin sarkin kasuwa inda ko yarinyar da aka aiko za ta iya zuwa ta juye abin da aka auna mata ba tare da an kore ta ba. Kwanon saye ya zama shi ne kwanon sayarwa. A cinikin buhu a koma ga sikeli, a kuma dawo da al'adar kakanninmu ta sa suna a jikin kaya, yadda in an farke buhu a wani gari aka ga algus za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Maganin wake kuwa a yi masa doka mai tsanani, a taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa su sami buhu mai rufi uku a farashin sari. Ina kuma roƙo, tare da girmamawa, a fara gwajin daga rumfunan shugabanni da na yaransu, a gaban jama'a, domin in aka fara da ƙananan ma'auna za a ce an sami wata sabuwar hanyar karɓar tara ce, dokar kuma ba za ta kai kaka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuma 'yan'uwana ma'auna da dillalai, ba sai mun jira an kira taro ba. Babu wanda yake rufe rumfa a cikinmu bai ƙirga cinikin yini ba, ya ware uwar kuɗi, ya ware riba, ya duba littafin bashi. An ruwaito Sayyidina Umar yana cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin yadda ake hisabi. Abin da nake nema shi ne mutum ya ƙara layi ɗaya a lissafin yamma, ya faɗa wa kansa abubuwan da yake cewa ya riƙe, waɗanda yake koya wa 'ya'yansa kuma yake so a ambace shi da su ranar da aka ɗauki gawarsa, sannan ya bi cinikin yinin ɗaya bayan ɗaya ya ga ko akwai wanda ba zai so a yi wa mahaifiyarsa irinsa ba. Ni sai da kwanon mamaci ya yi mini wannan tambaya, bayan na ɓata shekarun da ba zan iya dawo da su ba.

Kwanukan nan uku suna nan a rumfata, na mahaifina da bugaggen da kuma mai faɗin cikin, ban jefar da ko ɗaya ba. Duk ranar da kuka sa taron ƙungiya, in kun ba ni dama, zan zo da su da rabin buhun gero, in auna a gaban kowa.

Allah ya ƙara muku girma da lafiya, ya yi riƙo da hannunku.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'auni a kasuwar hatsi